Ajin 'Yan Shekara Huɗu: Abin da Ke Saura Bayan Maki Ya Gushe

A Amurka yaro yakan shiga makarantar gwamnati yana da shekara biyar, a ajin da suke kira kindagatin, wanda daga shi sai aji ɗaya na firamare. Wannan aji ya daɗe da samun wurin zama, ba wanda ke jayayya a kansa. Gardamar tana kan shekarar da ta gabace shi ne, lokacin da yaro yake ɗan shekara huɗu: gwamnati ce za ta ɗauki nauyin karatunsa, ko a bar shi a hannun iyayensa da abin da aljihunsu zai iya? Jihar Jojiya ta buɗe ƙofa ga kowane ɗan shekara huɗu a 1995, Oklahoma ta bi sahu a 1998, birnin New York ya yi nasa a 2014, amma har yanzu akwai 'yan jihohin da ba su da irin wannan shiri ko kaɗan. Abin da ya sa labarin ya cancanci a tsaya a kansa shi ne, Amurkawa sun shafe sama da shekara 60 suna bin sawun yaran da suka yi wannan aji har girmansu, kuma abin da suka tarar ya rikita masu goyon baya da masu adawa baki ɗaya. Fifikon da yaran ke samu a jarrabawa yakan gushe cikin 'yan shekaru. Duk da haka a wasu wurare rayuwarsu ta manyanta ta fi ta takwarorinsu kyau, a wani wuri kuma ajin cutar da su ya yi. Matsayina a wannan rubutu shi ne, waɗannan sakamako uku ba sa karo da juna. Shekarar tana da amfani mai ɗorewa, amma amfanin bai rataya a kan koyon haruffa da wuri ba. Ya rataya ne a kan irin yinin da yaron ke yi a cikin ajin, da wanda ke yi masa magana, da ko ana barinsa ya amsa.

Binciken da ya fi kowanne suna ya fara ne a 1962 a Ypsilanti, wani ƙaramin gari a jihar Mishigan. David Weikart, jami'in da ke kula da yara masu buƙata ta musamman a makarantun garin, ya lura cewa 'ya'yan baƙaƙen fata matalauta na unguwar makarantar Perry suna faɗuwa tun daga azuzuwan farko, hukuma kuwa ta ɗauki abin tamkar ƙaddara. Shi da abokan aikinsa suka zaɓi yara 123 'yan shekara uku da huɗu, aka sa 58 a aji, aka bar 65 domin a gwada da su. Ajin na awa biyu da rabi ne kowace safiya a ranakun aiki, kowace malama tana da yara biyar ko shida, sannan sau ɗaya a mako takan je gidan kowane yaro ta yi awa ɗaya da rabi tare da shi da mahaifiyarsa. Tsarin koyarwar da ya tsiro daga wannan aji, wanda daga baya cibiyar HighScope ta yaɗa, yana da sauƙin faɗi. Da safe malama takan durƙusa daidai tsayin yaro ta tambaye shi abin da yake so ya yi yau. Ya ce zai gina gareji da 'yan katakai. Ta tambaye shi mota nawa za ta shiga, ta ina ƙofa za ta fuskanta, me zai ɗauko da farko. Ya tafi ya yi, ginin ya rushe, wani yaro ya ɗauke masa katako, su yi 'yar hayaniya, malama ta matso ta sa kowa ya faɗi abin da yake so da bakinsa. Can kafin a tashi a zauna, ya ba da labarin abin da ya shirya da abin da ya faru. A kowace rana yaron ya yi niyya, ya furta ta, ya gamu da cikas, ya haɗiye fushi, ya waiwaya ya ba da bayani.

Da farko sakamakon ya faranta rai: a ƙarshen shirin yaran ajin sun zarce takwarorinsu da sama da maki 10 a gwajin kaifin ƙwaƙwalwa. Kafin su cika shekara 10 tazarar ta ɓace. Da a nan aka rufe littafi, da an rubuta cewa kuɗi sun tafi a banza. Sai dai masu binciken ba su daina bibiya ba, suka koma wa mutanen nan suna da shekara 19, da 27, da 40. A shekara 40, kashi 65 cikin 100 na waɗanda suka yi ajin sun kammala sakandare, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 45. Kashi 60 suna samun dala 20,000 ko fiye a shekara, sauran kashi 40. Waɗanda 'yan sanda suka kama sau biyar ko fiye kashi 36 ne a cikinsu, alhali a cikin waɗanda ba su yi ajin ba kashi 55 ne. James Heckman na Jami'ar Shikago, wanda ya sami kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a shekarar 2000, ya sake lissafin tare da abokan aikinsa, suka ƙiyasta cewa kuɗin da aka zuba suna jawo wa al'umma ribar kashi 7 zuwa 10 cikin 100 a kowace shekara, kuma babban kason ribar daga raguwar aikata laifi yake fitowa. Da suka koma kan rahotannin da malaman firamare suka rubuta game da yaran tun a wancan lokacin, sai suka ga inda bambancin ya ɓuya: yaran ajin ba su kai sauran yawan faɗa, da ƙarya, da tayar da hankalin aji ba. Halin da suka fito da shi ne ya bi su har girma, shi kuwa ba ya fitowa a takardar jarrabawa.

Mai shakka yana da abin cewa a nan, kuma maganarsa tana da nauyi. Yara 123 ba su isa a gina manufar ƙasa a kansu ba. Rabon yaran ma bai tafi daidai yadda ƙa'idar bincike ta tanada ba, domin an mayar da wasu 'ya'yan mata masu aiki zuwa rukunin da ba ya zuwa aji, tun da ba a samun iyayen a gida lokacin ziyara. Sai dai Heckman ya yi la'akari da wannan a lissafinsa kuma sakamakon ya tsaya. Sannan Amurkar 1962 ba ita ce ta yau ba: yaran da aka bari a gida a lokacin ba su da wata madafa, na yanzu kuwa da yawansu suna zuwa wani gidan rainon. Uwa uba, malama ɗaya ga yara shida da ziyarar gida kowane mako abu ne mai tsada da ba wata jiha da ke yin sa ga dubban yara. Mai shakkar zai ƙara da labarin Head Start, shirin gwamnatin tarayya na 'ya'yan matalauta da shugaba Lyndon Johnson ya ƙaddamar a 1965, wanda ya ɗauki yara sama da rabin miliyan a bazararsa ta farko. Tun a 1969 wani rahoto ya ce amfaninsa ba ya daɗewa, babban gwajin da aka fara a 2002 da yara kusan 5,000 kuma ya nuna cewa kafin su kai aji uku ba a iya bambanta waɗanda suka shiga da waɗanda ba su shiga ba.

Amsar da ta fi ƙarfi ta fito ne daga Boston, kuma ba daga wani ƙaramin gwaji na gata ba, daga makarantun gwamnati na yau da kullum. Tsakanin 1997 da 2003 masu neman gurbi a ajin 'yan shekara huɗu sun fi guraben yawa, don haka birnin ya riƙa raba su ta hanyar ƙuri'a. Wannan ya ba masana dama irin wadda ba a cika samu ba, domin yaron da ƙuri'a ta faɗa wa da wanda ta tsallake ba su da wani bambanci sai sa'a. Iyayen duka sun nema, duka sun damu. Guthrie Gray-Lobe da Parag Pathak da Christopher Walters sun bi sawun yara sama da 4,000, suka fitar da sakamakon a 2021. A jarrabawar jiha ta lissafi da karatu, ajin bai yi wani tasiri da za a nuna ba. Amma a cikin kowane yara 100, an sami ƙarin kimanin 6 da suka kammala sakandare, da ƙarin kimanin 8 da suka wuce manyan makarantu a kan kari, an kuma sami ƙarancin dakatarwa daga makaranta da ƙarancin tsare matasa. Abin da aka gani a Ypsilanti shi ne ya sake bayyana bayan shekara 40 a wani birni daban, da yara ninkin-ba-ninkin: maki bai motsa ba, rayuwa ta motsa. Ko shi Head Start, da David Deming ya kwatanta 'yan gida ɗaya a 2009, wanda ya shiga da wanda bai shiga ba, ya tarar da irin wannan: fifikon jarrabawa ya dushe, amma a farkon manyanta wanda ya shiga ya fi ɗan'uwansa tsayuwa da ƙafarsa. Duk wanda ke yanke wa wannan aji hukunci da makin aji uku, ya yi gaggawa, kuma ma'aunin da ya riƙe ba na abin da ake nema ba ne.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Jihar Tenesi ita ma ta raba gurabe da ƙuri'a a 2009 da 2010, masana daga Jami'ar Vanderbilt, cikinsu har da Dale Farran da Mark Lipsey, suka bi yara kusan 3,000 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi. A ƙarshen shekarar, yaran ajin sun fi sauran sanin haruffa da ƙirga. Kafin ƙarshen kindagatin sauran sun kamo su. A aji uku sun fara wuce su. Rahoton da ya fito a 2022, lokacin da aka duba sakamakon aji shida, ya nuna cewa yaran da suka yi ajin sun fi ƙarancin maki a karatu da lissafi da kimiyya, sun fi karya dokar makaranta, an kuma fi tura su azuzuwan masu buƙata ta musamman. Wannan ba gushewar amfani ba ne, illa ce, kuma binciken yana da inganci irin wanda ba a ture shi da hannu ɗaya. Ba za a ce don an ɗauki malamai marasa takarda ba ne, domin malaman Tenesi suna da shaidar koyarwa, ana kuma biyansu kamar malaman firamare. Duk mai son wannan aji da gaskiya dole ya tsaya a gaban wannan sakamako, kada ya kau da kai.

Ruwa ba ya tsami banza. Farran, wadda ta shafe kusan rabin ƙarni tana nazarin ƙananan yara, ta koma kan abin da masu sa ido suka gani a cikin azuzuwan. Akasarinsu a cikin ginin makarantun firamare aka sa su, gine-ginen da aka yi domin manyan yara. Bayan gida yana can ƙarshen baranda, ɗakin cin abinci yana wani ɓangaren, don haka wani babban yanki na yinin yana tafiya a jerin gwano: a tashi, a yi layi, a rufe baki, kada a taɓa bango, kada a taɓa na gaba, a jira na ƙarshe ya fito, a juyo. Idan an dawo aji, sai a tara su wuri ɗaya malama ta yi ta bayani, ko a raba musu takardu su bi sawun haruffa da fensir. Tambayoyin da ake yi musu masu amsa ɗaya ne, wane launi ne wannan, wane harafi ne wancan. Ɗan shekara huɗu da ya yini a haka ya koyi abu, amma abin da ya koya shi ne makaranta wuri ne da ake hana mutum motsi da magana, kuma natsuwa abu ne da wani babba ke ɗora maka daga waje. Yaron Ypsilanti yana koyon riƙe kansa ne domin yana da garejin da yake so ya gama; na Tenesi ana riƙe shi ne kawai. Fassarar Farran ce wannan, ba gwaji ne ya tabbatar da ita kai tsaye ba, amma ita ce ta fi dacewa da cewa illar ta fi fitowa fili a wajen ɗa'a, daidai wurin da Perry da Boston suka yi nasara.

Dalilin gushewar maki kuwa ba wani abin mamaki ba ne idan aka duba abin da ake aunawa. Masanin ilimi Scott Paris ya bambanta, a 2005, tsakanin ƙwarewa mai iyaka da marar iyaka. Haruffan Ingilishi 26 ne. Wanda ya san su yana ɗan huɗu da wanda ya san su yana ɗan shida, ranar da suka cika bakwai sun zama ɗaya. Irin wannan sani kamar tulu ne, da ya cika shi ke nan, wanda ya riga cikawa ba shi da abin da zai ƙara. Yawan kalmomin da yaro ya sani, da fahimtarsa ta yadda duniya ke tafiya, da iya bin labari daga farko zuwa ƙarshe, da iya jure wa abu mai wuya, waɗannan ba su da ranar cika, kuma wanda ya fara da yawa shi ke ƙara samu, domin da kalmar da ka sani kake kama wadda ba ka sani ba. A aji ɗaya ana tambayar yaro ya haɗa baƙi da wasali ne. A aji huɗu ana tambayarsa me marubucin yake nufi, a nan kuwa haddar haruffa ba ta da abin da za ta ba shi. Ƙasar Finlan ba ta fara firamare sai yaro ya kai bakwai, shekarar share fage ta 'yan shida da ta wajabta a 2015 kuma wasa ya fi yawa a cikinta, amma ba a san yaranta da rauni a karatu ba. A Niyu Zilan, Sebastian Suggate ya kwatanta yaran da aka fara koya wa karatu suna da shekara biyar da waɗanda aka jinkirta wa zuwa bakwai, ya tarar wajen shekara 11 sun yi kunnen doki. Abin da ke gina ƙwarewa marar iyaka, bisa ga abin da aka sani, hira ce ta ba-ni-in-ba-ka. Rachel Romeo da abokan aikinta a jami'o'in Harvard da MIT sun naɗi maganganun gidajen yara 'yan huɗu zuwa shida, suka kuma ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu suna sauraron labari. A sakamakon da suka fitar a 2018, abin da ya tafi tare da ƙarfin aikin sashen harshe na ƙwaƙwalwa shi ne yawan musayar magana tsakanin yaro da babba, fiye da yawan kalmomin da aka zuba masa a kunne.

Me ya sa to azuzuwa ke karkata ga abin da ke gushewa? Domin shi ne ake iya ƙirgawa a nuna wa mai ba da kuɗi. Friedrich Froebel, Bajamushen da ya kafa kindagatin na farko a 1840, wurin waƙa da lambu da 'yan katakan gini ya nufa. Bayan dokar ilimi da shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a 2002, wadda ta ɗaura makomar makarantu a kan sakamakon jarrabawa daga aji uku, matsin ya riƙa gangarowa ƙasa aji bayan aji. Daphna Bassok da abokan aikinta sun nuna cewa a 1998 kashi 31 cikin 100 na malaman kindagatin ne ke ganin ya kamata yaro ya iya karatu a ajin. A 2010 sun kai kashi 80. Da kindagatin ya koma aji ɗaya, sai ajin 'yan huɗu ya koma kindagatin, kowa yana shirya yaro domin ajin gaba, ba mai tambayar abin da shekarar da yake ciki take buƙata.

Akwai ƙorafi na biyu, wanda ya fi na farko taɓa zuciya, kuma sau da yawa daga bakin iyaye matalauta yake fitowa. Suna cewa, ɗan mai kuɗi yana iya yini yana wasa a makaranta domin a gida akwai littattafai, akwai mai karanta masa, haruffa za su same shi ko bai neme su ba. Nawa ɗan kuwa idan makaranta ba ta koya masa ba, wa zai koya masa? Wannan gaskiya ne, kuma duk wanda ya ɗauki maganar wasa a matsayin a saki yara a tsakar gida malama ta koma gefe, bai fahimce ta ba. Ajin Perry yana da tsari mai tsauri, sai dai tsaurin a kan malama yake, ita ce za ta san abin da kowane yaro ya kai da tambayar da za ta ɗaga shi gaba. Boston ma, da ta gyara shirinta daga tsakiyar shekarun 2000, manhajar lissafi ta ɗauko wadda Douglas Clements da Julie Sarama suka tsara, inda yara ke koyon adadi da siffofi ta hanyar wasanni masu manufa, ta kuma sa ƙwararru suna shiga aji suna yi wa malamai gyara. Binciken Christina Weiland da Hirokazu Yoshikawa na 2013 ya sami ci gaba a kalmomi da lissafi da iya tattara hankali, kuma 'ya'yan marasa ƙarfi suna cikin waɗanda suka fi amfana. Ba wanda ya ce a ɓoye wa yaro haruffa. Minti kaɗan a rana sun ishe su, a cikin sunansa, a jikin kwalin da ya rubuta wa shagonsa na wasa. Abin da nake ƙi shi ne a cinye yinin duka a kansu. Kuma abin baƙin ciki ne cewa ɗan mai hali ne ake tambaya ra'ayinsa a aji, ɗan talaka kuwa, wanda ya fi buƙatar a saurare shi, shi ake ba takarda da umarnin yin shiru, da sunan taimako.

Wasu kuma za su ce, in haka ne a bar yaro a gida mana, ai uwa ta fi kowace malama. A gidan da ake hira da yaro, ake aikensa, ake ba shi labari, wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, sakamakon Tenesi ma ya nuna cewa aji marar kyau bai kai gida ba. Amma aji mai kyau wani abu ne daban. Da Patrick Kline da Christopher Walters suka sake duba gwajin Head Start a 2016, sun lura cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na yaran da ba su sami gurbi ba sun tafi wasu makarantun rainon ne, wato an kwatanta aji da aji. Da aka ware waɗanda da a gida za su zauna, sai amfanin shirin ya fito ya fi girma. Ga kuma iyaye mata masu fita aiki, waɗanda zaɓin da ke gabansu ba tsakanin aji da cinyar uwa yake ba, tsakanin aji ne da duk wanda aka samu ya riƙe yaron. Tambayar da ta rage wa gwamnati ita ce ta kuɗi, kuma a nan ne 'yan siyasa ke zamewa, domin adadin kujeru shi ke shiga jawabi, horar da malama da rage yawan yara a aji kuwa ba sa ɗaukar hoto. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Wannan gardama ta iso ƙasashenmu, ko da ba da wannan suna ba. Manufar ilimi ta Nijeriya ta 2013 ta sa shekara ɗaya ta share fage kafin firamare, abin da mutane suka saba kira rabin aji, a cikin ilimin bai-ɗaya, ta kuma tanadi a koyar ta hanyar wasa, da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin. Abin da ake gani a yawancin makarantun nazare masu zaman kansu kuwa ya fi kama da Tenesi, har ya zarce: 'yan shekara uku da huɗu a kan benci, ana bin malama da amshi cikin Ingilishin da ba sa ji, ana ba su aikin gida, ana yi musu jarrabawa har da na ɗaya da na ƙarshe. Idan musayar magana ce ke gina yaro, to ajin da aka hana shi harshen da yake iya magana da shi ya rufe ƙofar tun kafin a fara. Yaron da ke iya warware kacici-kacici da mayar da tatsuniya a gida sai ya koma kurma a makaranta. Gana, wadda ta sa shekara biyu na kindagatin cikin ilimin kyauta tun 2007, ta gwada gyara. A makarantu 240 na yankin Akra, Sharon Wolf da abokan aikinta sun horar da malamai kan koyarwa ta wasa da lallashi a maimakon tsawa, tare da masu bibiyarsu a aji, cikin shekarar karatu ta 2015 zuwa 2016. Azuzuwan sun inganta, yaran sun ci gaba, malamai ma sun rage barin aiki. A wasu makarantun an ƙara da tarukan wayar da kan iyaye game da sabuwar hanyar, da zaton hakan zai ƙarfafa ta, sai ga shi a waɗannan makarantun ribar da yaran suka samu ta zube. Iyayen da ke biyan kuɗin makaranta da guminsu suna so su ga littafi cike da rubutu da yaro mai rera Turanci, domin su ne shaidar da idonsu ke iya gani, kuma ba a yi musu adalci ba idan aka kira wannan jahilci. Duk mai son gyara ajin 'yan huɗu a Kano ko Maraɗi ko Kumasi zai gamu da wannan uba a bakin ƙofa, kuma taro ɗaya ko uku ba za su sauya masa ra'ayi ba. Sai an nemo abin da za a nuna masa a ƙarshen zango wanda ya kai littafin rubutu gamsarwa, kamar ɗansa ya tsaya gabansa ya bayyana masa, da harshen gida, yadda ya auna ruwa da gwangwani ya gano wane mazubi ya fi ci.